Ɗigon baƙin mai a gindin cen: 'yar robar da ke kashe inji

Yau sai mun sunkuya, domin maganar tamu a ƙarƙashin babur take.

Kaka ta kama a ƙasar Funtuwa da Malumfashi, kuma duk wanda ya san yankin ya san daga yanzu har a gama ɗibar auduga babur ba shi da hutu. Shi ke fito da masara da dawa da waken suya daga gonakin da mota ba ta iya shiga, ya kai su bakin titi ko kasuwar Ɗandume da ta Bakori. Shi ke ɗauko tumatir daga fadamun Ɗanja idan rani ya yi. Shi ke kai mai naƙuda asibiti, da safe kuma shi ne ke sauke wasunku a ƙofar makaranta. A wasu ƙasashe akwai babura na musamman masu dogayen ƙafafu da ake ƙerawa don tsere a jeji da tsallake kwazazzabai. Mu a nan Boxer da Jincheng da Haojue ɗinmu su ne baburan jejin. Ba don wannan aikin aka ƙera su ba, amma hanyar da muke da ita ke nan.

Gobe da safe, bayan an fitar da babur ɗin gidanku daga zaure, ku dubi wurin da ya kwana. In kun ga baƙin tabo a ƙasa, ta hannun hagu, daidai inda cen ke shiga jikin inji, to da ku muke magana yau. Yawancin gidaje ba sa ɗaukar wannan tabon a bakin komai. A zuba masa ƙasa, a share, a ce ai tsohon babur dama ya gaji yoyo. Mu kuwa muna ganin wannan tabon wasiƙa ce inji ya rubuto, kuma a gidaje da yawa ɗan makaranta ne ya fi cancanta ya karanta ta.

Bari mu fara da inda man ke fitowa. Ƙarfin da inji ya samar yana bi ta kuloci ya shiga giya, daga giya sai ya fito waje ta wata sandar ƙarfe da makanikai ke kira shaf. A kan wannan sandar ne aka ɗaura ƙaramin farantin nan mai haƙora, sufuroket na gaba, wanda ke jan cen, cen kuma ya ja tayar baya. To ga matsalar da masu ƙera inji suka fuskanta. A cikin inji akwai baƙin mai mai zafi yana ta fantsama. A waje akwai ƙura da taɓo. Sandar kuma dole ta ratsa bangon inji, kuma dole ta riƙa juyawa. Ba za a toshe ramin ba, ba kuma za a bar shi a buɗe ba. Abin da ke tsaron wannan ƙofar shi ne wani zobe na roba, faɗinsa bai fi murfin robar lemo ba sosai, wanda ake kira oyil sil.

In kun sami tsohon da aka cire a wurin bakanike, ku karɓa ku duba shi da kyau, don ya fi zanen littafi bayani. Za ku ga a cikin robar akwai ƙarfe da ke ba ta tauri don ta zauna daram a raminta. Ta ciki akwai siririn leɓe mai kaifi, shi ne ke rungume sandar. Bayan leɓen kuma akwai wani ɗan siririn sifirin da aka haɗa bakinsa ya zama kamar awarwaro, aikinsa ya riƙa matse leɓen a jikin sanda ko da robar ta fara gajiya. Abin mamaki shi ne leɓen ba a kan busasshen ƙarfe yake gogawa ba. Tsakaninsa da sandar akwai shimfiɗar mai siririya ƙwarai, wadda ta fi gashin kai sirantaka nesa ba kusa ba, kuma a kanta yake sulɓi. Wato sil yana tare mai, amma shi ma da man yake rayuwa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa wajen ɗaurawa.

Wani abin da zai ba ku sha'awa: asalin wannan zoben ba roba ba ne, fata ce. Kamfanin Freudenberg da ke garin Weinheim a Jamus majema ce tun asali. Da tattalin arzikin duniya ya karye a 1929 kasuwar fata ta faɗi, sai suka fara yanka zobban tare mai daga ragowar fata. Wani injiniya mai suna Walther Simmer ya inganta ƙirar, daga baya aka koma yin ta da robar masana'anta mai jure mai da zafi. Har yau Jamusawa da sunansa suke kiran zoben. Duk lokacin da muka tuna wannan sai mu tuna majemanmu da dukawanmu, mu ce ashe tsakanin jima da injiniyanci ba nisa.

Yanzu ku ɗauko biro, mu ga irin wahalar da wannan 'yar robar ke sha. Tayar baya ta irin waɗannan babura, in ta juya sau ɗaya, tana cin kusan mita 1.8. Ke nan a kilomita ɗaya za ta juya kamar sau 555. A ce farantin gaba haƙora 14 gare shi, na baya kuma 42, to sai na gaba ya juya sau 3 kafin taya ta juya sau 1. A kilomita guda sandar ta juya fiye da sau 1,600 ke nan. Ɗan acaɓan da ya yi kilomita 100 a yini ya sa ta juya sama da sau 160,000, duk a cikin leɓen nan, cikin zafi, cikin ƙura. Ba abin mamaki ba ne in ya gaji. Abin tambaya shi ne me ya sa na wasu ke shekaru, na wasu kuma ba ya rufa wata uku.

Babban mai laifi a yankinmu, a ganinmu, shi ne ɗaure cen tamau. Mutane da yawa sun ɗauka cen mai kyau shi ne wanda ya miƙe kamar tsirkiyar baka. Ba haka ba ne. Ana so in ka taɓa shi a tsakiya da yatsa ya yi sama da ƙasa kamar santimita 2 zuwa 3. Dalili kuwa, idan aka ɗora kaya babur ya zauna, tazarar da ke tsakanin farantin gaba da na baya tana ƙaruwa kaɗan, sai cen ya ƙara ɗaurewa da kansa. To ku kwatanta wanda ya ɗaure shi tamau babur na wofi, sannan ya ɗora buhu biyu na masara, shi ma ya hau, ya faɗa ramukan hanyar ƙauye. Duk faɗawa rami cen na fizgar sandar baya. Boris ɗin da ke riƙe da sandar ya fara cinyewa, sandar ta fara rawa, leɓen roba kuma ba zai iya bin sanda mai rawa ba. Sai mai ya sami hanya.

Na biyu shi ne abin da ke naɗewa a bayan faranti. Ciyawa, zaren buhu, tsumma, igiyar ɗaure kaya da ta saki, ledar ruwa. Babur ɗin da ke ratsa gona kullum yana kwasar irin waɗannan, su naɗe a sandar, su yi ta cusa kansu ƙarƙashin leɓen har su yanka shi. Da damina taɓo ne ke cika murfin ya bushe ya zama kamar sanfefa. Da hunturu kuma ƙura ce ke haɗuwa da maiƙo ta zama wani irin kwaɓi mai cin roba har da ƙarfe. Da yawa kuma sun cire murfin cen sun jefar, wai yana ƙara. Sun huta da ƙara, sun buɗe wa ƙasa ƙofa.

Akwai kuma wanda ba a cika tunawa da shi ba. Inji yana numfashi. Akwai ɗan bututu da iskar da ta taru a cikinsa ke fita ta nan. In taɓo ya toshe shi, ko zanzaro ya yi gini a bakinsa lokacin da babur ya daɗe a ajiye, iskar za ta nemi wata hanya, sai ta tura mai ta wurin da ya fi rauni. Haka ma in an cika baƙin mai ya wuce ƙa'ida. A irin wannan hali ko sil goma aka canza ba za a daina ganin ɗigo ba.

To don me za mu damu da ɗigo? Ku sake ɗaukar biro. Injin irin su Boxer kusan lita ɗaya kacal yake ɗauka, kuma da wannan litar inji da giya da kuloci duk suke aiki. Ɗigo 20 ya kai kimanin mililita 1. A ce sil yana zubar da ɗigo 5 a minti in babur na tafiya, kuma ana aiki da shi awa 6 a yini. Ɗigo 1,800 ke nan, wato mililita 90. Kafin kwana shida rabin man ya tafi. Tabon da kuke gani a zaure ɗan kaɗan ne daga ciki, sauran yana kan hanya, domin ya fi zuba in inji ya yi zafi sanda na juyawa. Idan mai ya yi ƙasa, sassan da ke saman inji ne ke fara jin ƙishi, daga nan fistin ya yi zafi ya kama. Shi ne za ku ji an ce inji ya buga. Robar da kuɗinta bai kai na litar baƙin mai ba ta jawo sayen fistin da ringi, wani lokaci har da bulok da karanshaf, ga kwanakin da za a yi babur na kwance. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 komai na babur ya yi tsada, kuma a gidan da babur ne ke ciyarwa, mun san aljihun da kuɗin gyaran ke fitowa. Sau da yawa shi ne aljihun da kuɗin jarrabawarku ke ciki.

Ba kuɗi kaɗai ba ne. Man da ya zubo cen ne ke kwasarsa ya watsa baya, wani ya sauka a gefen taya. Taya mai maiƙo a kan kwalta, a kwana, da kaya a baya, ba sai mun faɗa muku ƙarshenta ba. Sannan dukanmu mun san halin da wasu hanyoyinmu ke ciki, musamman ta wajen Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara. A 2021 har sai da gwamnatin Aminu Bello Masari ta taƙaita hawan babur da dare a ƙananan hukumomin da ke bakin daji saboda 'yan bindiga. A irin waɗannan wurare, inji ya buga wa mutum da magariba a tsakiyar daji ba maganar asara ba ce kawai.

Kafin a zargi sil, a tabbatar shi ne. Mutanenmu da tsohon baƙin mai suke shafe cen, kuma in ya yi yawa yakan taru a cikin murfi ya riƙa ɗiga, ka rantse inji ne ke yoyo. Kusa da wurin kuma akwai wani ƙaramin sil ɗin na sandar canza giya, shi ma yana yoyo. Gwajin mai sauƙi ne. A cire murfin, a wanke wurin da kananzir da tsohon buroshi, a goge ya bushe, a barbaɗa toka mai laushi ko garin alli, a ɗan zaga da babur na minti goma, a dawo a duba. Inda tokar ta fara jiƙewa, nan ne ƙofar ɓarawon.

In an tabbatar, aikin canzawa ba mai tsawo ba ne, kuma a yawancin baburan da ke yankinmu ba sai an buɗe inji ba. Amma ku ji wannan tukuna: ba mu ce ku kwance babur ɗin Baba ba da izninsa ba, kuma karo na farko a gaban wanda ya iya ake yi. Inji a kashe, makulli a aljihu, a bar shi ya huce. Kada wanda ya kuskura ya kai hannu ko tsumma kusa da cen inji na aiki. Ba a ƙirga yatsun da aka rasa ta haka, kuma yatsa ba shi da safaya.

Ana fara kwance ƙusoshin da ke riƙe da faranti tun cen na jikinsa, wani ya taka birkin baya don kada ya juya. Sannan a sassauta tayar baya a turo ta gaba, cen ya saki, a zare farantin. A lura da fuskar da ke waje don a mayar da shi yadda yake. In ba za a juye mai ba, a jingine babur ya karkata dama, man zai koma can gefe. A wanke kewayen tas kafin a taɓa sil, don duk ƙasar da aka bari tana iya faɗawa ciki.

A nan ne gwani ke bambanta da mai gaggawa. Fitar da tsohon sil ana yi ne da lallashi, a sa bakin ƙaramin sukudireba a jikin sil ɗin kansa, a ɗaga kaɗan nan, a koma can a ɗaga kaɗan. Sandar ƙarfe ce mai santsi kamar madubi, ramin kuma alminiyom ne mai taushi. Ƙarzane ɗaya a jikin ko wanne ya isa ya zama magudanar da sabon sil ba zai iya toshewa ba. Bayan ya fita, a kama sandar a girgiza ta sama da ƙasa. In tana motsi, boris ya tafi, kuma sa sabon sil a kan wannan zuba ruwa ne a kwando, sai dai a yi babban aiki. A shafa farce a inda leɓen ke zama. In farce ya maƙale a wani zurfi da ya zagaye sandar, tsohon leɓe da ƙasa sun ci ƙarfen, bakanike zai san ko ya ɗan gusar da mazaunin sabon ko ya canza abin da ya cinye.

Wajen saye, a tafi da tsohon. A jikinsa akwai lambobi uku, alal misali 17, 29, 5. Na farko faɗin ramin ciki ne, wato kaurin sanda, na biyu faɗin waje, na uku kaurin zoben, duk da milimita. Ba a cewa ai ya yi kusa. Milimita ɗaya a wannan wuri kamar taku goma ne. A duba sabon a tabbatar sifirin ɗinsa na ciki, leɓen kuma da laushi, ba tsaga. Akwai na banza a kasuwa da ke bushewa cikin 'yan makonni, kuma araha ba ta ado. Mun fi ganin hikimar a ƙara kuɗi kaɗan a shagon da aka sani, da a biya kuɗin aiki sau biyu.

Ɗaurawa ƙa'ida uku gare ta, kuma duk wadda aka karya aikin ya ɓaci. Gefen da sifirin yake shi ne ke kallon cikin inji, gefen da ke da lambobi yana waje. Dalilin shi ne man da ke turowa daga ciki ya riƙa ƙara danna leɓen a jikin sanda, maimakon ya buɗe shi. Sai a shafa wa leɓen sabon baƙin mai ko ɗan giris, saboda abin da muka faɗa ɗazu: in ya fara aiki a bushe, zafin gogayya zai ƙone bakinsa tun kafin man inji ya iso. Kan sandar kuma yana da tsage-tsage masu kaifi inda faranti ke zama, don haka a naɗe su da salatif ko 'yar leda mai laushi, a zura sil a kai, sannan a cire. Daga nan a sami soket ko guntun bututu mai faɗi daidai da bakin sil na waje, a riƙa bugawa a hankali, yana shiga daidai ta kowane gefe, har ya yi daidai da fuskar ramin. Ba a buga guduma kai tsaye a kansa, ba a kuma tura shi can ciki har ya taɓa boris. Sai a mayar da faranti, a daidaita cen da sakin nan na santimita 2 zuwa 3, a gyara birkin baya tunda an motsa taya, a duba mai a cika shi zuwa alamar da ke jikin geji, babur na tsaye daidai, ba a jingine ba.

Akwai dabarun da za ku gani a bakin hanya waɗanda ba mu yarda da su ba. Wani ya naɗa zare a bayan faranti, wani ya cika wurin da gam, wani ya zuba mai mai kauri wai don ya rage gudu. Zare shi ne ainihin abin da ke yanka leɓe. Gam ba ya kama abin da ke juyawa. Mai mai kaurin da ya wuce ƙa'ida kuwa yana jinkirin isa saman inji da sanyin safiya, an gudu ba a tsira ba. Mun san abin da ke sa a yi haka, wani lokaci ranar kasuwa ce kuma ba halin tsayawa. To in ya zama dole a lallaɓa, a lallaɓa da duba geji kowace safiya da ƙara mai, ba da toshe-toshe ba.

Man da aka juye kuma kada a zubar a gona ko kusa da rijiya ko a kwata. A tara shi a galan a kai wa bakanike. A wanke hannu da sabulu, don tsohon baƙin mai ba abin bari a fata ba ne.

Wata ƙila wata daga cikin ƙannenmu mata ta ce wannan shafin na maza ne yau. Ba mu yarda ba. Ganin tabo a zaure, zaro geji a goge a mayar a duba, taɓa cen a ji ko ya ɗaure, karanta lambobi uku a jikin roba, babu wanda ke buƙatar ƙarfin damtse a ciki. Kuma duk abin da muka lissafa yau, gogayya da matsin iska da kewayen da'ira da rabon haƙora, yana cikin darussan Fiziks da Lissafi da kuke yi a aji, maza da mata. Masu sha'awar abin sosai kuma su sani gyaran injin mota da babur fanni ne da ake karantawa a kwalejojin fasaha, har a rubuta jarrabawar NABTEB a kansa, a wuce kwalejin kimiyya da fasaha ta Hassan Usman a Katsina ko Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya.

Ga aikin gida. Babur a kashe, ku nemi izni ku ƙirga haƙoran farantin baya da na gaba na gidanku, ku auna kewayen tayar baya da igiya ku gwada a ma'auni, sannan ku lissafa sau nawa sandar ke juyawa daga ƙofar gidanku zuwa makaranta. Ku aiko mana da amsa tare da sunan makarantarku da ajinku, za mu buga waɗanda lissafinsu ya fita daidai. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba matatar iska da abin da ƙurar hunturu ke yi mata.